An Ce a Bar wa Iyaye, To Wa Ake Nufi a Cikin Gidan?

A watan Nuwamban 2022, a wani taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa da aka yi a Abuja, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar tsara manhaja, NERDC, da ta cire ilimin jima'i daga abin da ake koya wa yara a makaranta. Hujjarsa ita ce wannan aiki ne na iyaye da malaman addini. Ƙungiyoyi suka yi ca a kansa, a Arewa kuwa mutane da yawa suka yi ajiyar zuciya, suka ce Allah ya saka masa da alheri. Ni ma ban ga aibin hujjar ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da aka ce "iyaye", wa ake nufi? Uban da 'yarsa ba ta iya haɗa ido da shi, ko uwar da ba ta faɗin sunan 'yarta ta fari?

Wanda bai san gidan Bahaushe ba zai ɗauka wasa nake yi. Amma a al'adarmu, kunya ce ginshiƙin dangantakar iyaye da 'ya'ya. Uwa takan yi alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, wata ko wasa ba ta yi da shi a gaban mutane. Uba kuwa tsakaninsa da 'yarsa da ta fara tasawa sai gaisuwa a durƙushe da "a dawo lafiya, Baba." A irin wannan gida, a ce uwa ta zaunar da 'yarta ta yi mata bayanin yadda ciki ke shiga, kamar a ce kaza ta yi iyo ne.

Sai dai kakanninmu ba sakarkaru ba ne. Sun san kunyar da suka gina, saboda haka suka bar mata ƙofofi. Akwai kaka, wadda ke wasa da jikanta, ta kira shi "mijina", ta kira jikanyarta "kishiyata", kuma a cikin wannan wasa take faɗin abin da uwa ba za ta iya buɗe baki ta faɗa ba. Akwai gwaggo da inna, akwai matar yaya, akwai uwar riƙo. In aure ya zo akwai arwanka da tsofaffin da ke zama da amarya lokacin lalle. In haihuwa ce akwai ungozoma. Namiji yana da kawunsa da yayyensa, da malamin zaure. Aikin a rabe yake, kowa ya san nasa, kuma kusan babu wani ɓangare da ya faɗo kan uwa da uba kai tsaye. Ga shi kuma tazarar da ke tsakanin balaga da aure gajeruwa ce, yarinya ba ta daɗewa da fara al'ada za a kai ta ɗakinta.

Wannan tsari ne ya watse ba tare da an yi masa jana'iza ba. Ma'aikaci yana zaune a gidan haya a Kaduna ko Abuja, daga shi sai matarsa sai yara, kaka tana ƙauye, gwaggo sai a waya ranar salla. Yarinyar da ta fara al'ada tana da shekara 12 za ta iya kai 22 ko 25 kafin ta yi aure, saurayi ya haura 30 yana neman abin yi. Shekaru goma ko fiye ke nan na jiki balagagge, da sha'awa, da tambayoyi, ba wanda aka ɗora wa alhakin amsa su. A wannan giɓi ne wayar hannu ta shigo ta yi kane-kane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na taɓa ganin abin da idona. Wata 'yar ɗan'uwana, tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ta yi kwana biyu ba ta son fitowa daga ɗaki, ga yawan shiga banɗaki da buta. An ɗauka zazzaɓi ne, har an sayo mata magani. Sai da uwarta ta je kwashe wanki ta tarar da tsummokara a dunƙule a bayan akwati. Yarinyar nan ta ɗauka wani abu ne ya fashe a cikinta, kuma ta ɗauka laifinta ne, shi ya sa ta ɓoye. Duk kwanakin nan tana salla, tana kuka a sujada tana roƙon Allah ya yafe mata. Da asiri ya tonu, abin da uwar ta iya cewa bayan ta miƙa mata audugar mata shi ne: "To, kin girma. Daga yau in kika bari namiji ya taɓa ki, ciki za ki yi."

Wannan jumla ita ce kaɗai manhajar dubban gidaje, kuma ya kamata a tsaya a dube ta. Niyyar mai faɗinta kyakkyawa ce, so take ta tsoratar domin ta kare. Amma yarinya mai wayo za ta gane ba gaskiya ba ce ranar farko da kwandasta ya taɓa hannunta wajen ba ta canji. Daga ranar ta san Umma ba ta faɗin gaskiya a kan wannan magana, sai ta koma wurin ƙawa. Marar wayon kuwa takan shiga firgici don ɗan ajinsu ya goge ta a layin taro. Kuma dukansu biyu ba wadda ta san abin da ke kawo cikin a zahiri, balle ta gane lokacin da wani ya fara ja da ita zuwa can.

Rigimar makaranta kuwa ba a 2022 ta fara ba. Tun 1999 Majalisar Ilimi ta amince a shigar da wannan darasi, saboda yadda cuta mai karya garkuwar jiki ke yaɗuwa a lokacin. Da manhajar farko ta fito, malaman Musulunci da na Kirista suka ƙi ta, aka sake mata fasali, a 2003 ta koma Ilimin Rayuwar Iyali da Cutar HIV, aka ba jihohi damar daidaita ta da al'adunsu, aka ƙarfafa batun kame kai kafin aure. Tsoron iyaye iri biyu ne, kuma bai kamata a cuɗa su ba. Na farko, cewa in aka yi wa yaro bayani za a buɗe masa ido ya je ya gwada. Hukumar UNESCO ta tattara binciken ƙasashe da dama a jagoran da ta sabunta a 2018, abin da ya nuna shi ne ilimin da aka tsara da kyau ba ya sa yara saurin fara jima'i, sau da yawa ma jinkirta shi yake yi. Tsoro na biyu shi ne a fake da lafiya a shigo da tarbiyyar da ta saɓa wa addinin mutane. Wannan kam yana da tushe, don wasu littattafan da ake kawowa daga waje an rubuta su ne domin wata al'umma mai wata fahimta dabam game da aure da iyali. Uba yana da haƙƙin ya ƙi su. Abin da ba shi da haƙƙin yi shi ne ya ƙi su, sannan ya bar wurin fayau.

Abin mamakin shi ne kayan aikin suna nan a gidajenmu, a kan kanta, ƙura ta rufe su. Duk wanda ya yi karatun zaure ko Islamiyya ya san Ahalari, kuma ya san akwai fasalin haila a cikinsa, inda aka raba mata kashi uku: mai farawa, da wadda ta saba, da mai ciki, aka ce mafi yawan kwanakin mai farawa 15 ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ta fi haka fitowa fili. A babin abin da ke wajabta alwala da wanka, ta bambanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ta faɗi launin kowanne da kaurinsa da lokacin da yake fitowa, har da ƙamshin maniyyi. Kuma mai littafin ya faɗa a gabatarwarsa cewa domin a koyar da yara ya rubuta shi. Shekara dubu ke nan da wani malamin Malikiyya ya ga dacewar yaro ya san waɗannan abubuwa kafin su same shi. Mu ne muka zo daga baya muka fi shi kunya. Na san ajin da in an iso wannan babi malam yakan yi gyaran murya, ya karanta Larabcin da sauri, ya ce "wannan in kun girma za ku gane," ya juya shafi.

Alƙur'ani kansa, a aya ta 58 ta Suratun Nur, ya koya wa yaran da ba su balaga ba neman izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Hadisi ya ce a raba wa yara makwanci in sun kai shekara 10. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Ummu Sulaim ta zo gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ta tambaya ko wanka ya wajaba a kan mace in ta yi mafarki, ya ba ta amsa. Amma labarin da ya fi dacewa da gidan Bahaushe shi ne na Sayyidina Ali. Yana fama da yawan maziyyi, yana jin nauyin ya tambayi Annabi saboda surukinsa ne, sai ya aiki Miƙdad ɗan Aswad ya tambayo masa. Ka ga kunyar ba ta faɗi ba, tambayar kuma ba ta mutu ba. An samo ɗan aike ne kawai. Abin da gidajenmu suka rasa ke nan a yau, Miƙdad ɗinsu.

Gidajen Hausawa Kirista ma ba su rasa irin wannan ƙofa ba, tunda ga zumuntar mata da ajin matasa a majami'u.

To sai dai fiƙihu hukunci yake bayarwa: yaushe za ka yi wanka, yaushe za ki bar salla. Ba ya faɗa wa yarinya me ya sa mararta ke murɗawa, ko ta yaya za ta gane abin da ya wuce ƙa'ida. Wannan ɓangaren likita ne, kuma abin da iyali ke buƙatar sani bai fi cikin tafin hannu ba. Yarinya takan fara nuna alamun balaga tsakanin shekara 8 zuwa 13, namiji tsakanin 9 zuwa 14. Alamar farko ga mace yawanci ƙirgar dangi ce, kuma jinin al'ada yakan biyo baya da kamar shekara biyu. Wannan ita ce ƙararrawar da aka ba uwa kyauta: ranar da kika lura ƙirjinta ya fara tasowa, lokacin magana ya yi, ba ranar da kika ga jini a zane ba. A shekarun farko al'ada takan yi wasa, ta zo wannan wata ta tsallake wancan, ba abin tashin hankali ba ne. Jinin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7. In ya zarce mako, ko yana zuba har sai ta canja auduga duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko ciwon yana hana ta zuwa makaranta kowane wata, ko ta kai 15 ba ta fara ba, asibiti ake zuwa, ba wurin mai jiƙe-jiƙe ba. Nan ma wani wuri ne da ake ruɗewa: kwana 15 na Ahalari iyakar hukuncin salla ce, ba shaidar cewa zubar jini na mako biyu lafiya ce ba.

Sannan a faɗa mata gaskiyar ciki. Kowane wata jikin mace yana sakin ƙwai, in maniyyin namiji ya shiga farjinta ya haɗu da ƙwan, ciki ya samu. Sau ɗaya ya isa. Karon farko ma ya isa. Maniyyi yana iya rayuwa a jikin mace har kwana 5. Tsalle-tsalle, ko wanka, ko shan ruwan kanwa ko lemun tsami bayan an gama, ba abin da suke hanawa. Duk yarinyar da ba ta ji wannan daga bakin gwaggonta ba, akwai yiwuwar ta ji akasinsa daga bakin wanda ke son ya yaudare ta.

Yara maza kuwa an fi mantawa da su, don su ba a ganin jini balle a firgita. Yaro yakan tashi da asuba ya ga wandonsa a jiƙe, ya lallaɓa bakin rijiya ya wanke kafin kowa ya farka, ya yi alwala ya bi sahu da janaba a jikinsa, watanni yana haka bai sani ba. A wasu garuruwan da ke bakin rafi ko fadamar noman rani akwai wani kuskuren da ya fi wannan illa, inda ake ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya zama namiji. Tsargiya ce, tsutsa ce da ake ɗauka a ruwan da ke da dodon koɗi, tana da magani a asibiti, in an bar ta kuma tana lalata mafitsara. Shi kuma saurayin birni malaminsa bidiyon batsa ne da masu tallan maganin ƙarfin maza, daga lasifikar tasha har Facebook da TikTok. Waɗannan su ke gaya wa ɗan shekara 16 cewa halittarsa ta yi ƙanƙanta, ko basir ya cinye shi, don su sayar masa da kwalba. Yana buƙatar namiji babba, kawu ko yaya, da zai ce masa abin da yake gani a waya shiri ne na 'yan kasuwa, ba haka aure yake ba, kuma mafarki ba cuta ba ce, wanka kawai yake wajabtawa.

Kalmar "sanyi" ita ma ta zama buhun da ake zuba komai. Farin ruwa marar wari marar ƙaiƙayi da budurwa ke gani, wanda halitta ce, an ce sanyi. Ƙaiƙayin da zafi da matsattsun kaya ke kawowa, sanyi. Ciwon sanyi na gaske da tunjere, waɗanda ta saduwa ake ɗauka, su ma sanyi, har a ɗora wa masai laifi don a rufa asiri. Sakamakon haka, mai lafiya tana shan ƙwayoyin kemis ba dalili, mai cutar gaske kuma tana shan rabin magani ba tare da gwaji ba, cutar ta lafa ta hau sama ta toshe hanyar ƙwai, sai bayan aure a yi ta neman haihuwa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV a Nijeriya, kuma ba a gane mai ita da ido.

Akwai ɓangaren da ya fi kowanne ɗaci, shi ne kuma dalilin da ya sa ba za a jira balaga ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Mafi yawan masu aikata wannan ba baƙi ba ne. Maƙwabci ne, ko mai shagon da ake aiken ta, ko ɗan'uwan da ke kwana a gidan. Yaron da aka koya wa cewa duk babba abin biyayya ne, aka kuma doke bakinsa ranar da ya ambaci al'aurarsa, da wane harshe zai kawo ƙara? Tun yana shekara 3 ko 4, wajen wanka, ake gaya masa: nan gabanka ne, nan bayanka ne, ba mai taɓawa, ba mai cewa ka nuna masa, ko wane ne, kuma duk wanda ya ba ka alawa ya ce kada ka faɗa wa Umma, to shi ne za ka fara faɗa. In kuma ƙaddara ta afka, awa 72 na farko su ne zinariya. A cikinsu ne maganin kariya daga HIV ke aiki, a cikinsu ne aka fi samun shaida, shi ya sa ba a son a yi wa yarinya wanka ko a wanke kayanta kafin a je. Akwai cibiyoyin da aka ware don wannan: Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. Sau da yawa kwanaki ukun nan a zaman sulhu da "a rufa asiri" suke ƙarewa.

Wani zai ce aurar da su da wuri ya raba gardama. Aure yana toshe wata ƙofa, amma ba ya koya wa yarinya jikinta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Nijeriya sun haihu ko suna da ciki, a Bauchi adadin ya kai kashi 41, a Legas kashi 1. A Nijar kuwa kusan kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin 18. Waɗannan amare su suka fi kowa buƙatar sanin awon ciki, da cewa naƙudar da ta kwana ta wuni ba jarumta ba ce. Doguwar naƙuda ce babbar mai kawo yoyon fitsari, duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ya san shekarun yawancin waɗanda ke kwance a can. Amma gyaran da ake yi wa amaryar yau ya fi karkata ga dilka da turaren tsuguno da kayan mata.

Wasu lokutan gwamnati da kanta take kawo dalilin buɗe zancen har ƙofar gida. A watan Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, allura ɗaya tak. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a Kano: HIV, da ciwon hanta, da tunjere, da rukunin jini na sikila. Yarinyar da ta dawo daga makaranta tana tambayar mece ce mahaifa, ko saurayin da ya ji an fasa auren yayarsa don ita AS shi AS, sun riga sun buɗe ƙofar da kansu. Bayanin cewa irin wannan haɗi yana da haɗarin haifar mai sikila, ɗaya cikin huɗu a kowane ciki, ya fi sauƙi ga ɗan shekara 14 da bai fara soyayya ba, a kan wanda an riga an kai kuɗin gaisuwarsa. Ƙungiyoyi irin su AHIP da Hajiya Mairo Bello ta kafa a Kano, da Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta Zariya, sun daɗe suna wannan aiki da Hausa, ta hannun mata 'yan gari da iyaye suka yarda da su. In ka duba da kyau, gwaggon da ta ɓace suke ƙoƙarin maidowa.

A gidan ɗan'uwan nan nawa, bayan abin da ya faru, ba littafi aka sayo ba. Matarsa ta kira ƙanwarta, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, ta ce, "Ni dai bakina ba zai iya ba, ki zo ki ji da 'ya'yanki." Ta zo ran Asabar, ta kori uwar daga ɗaki, ta rufe ƙofa da yaran mata biyu, da Ahalari a hannu ɗaya, da takarda da biro a ɗayan tana zana musu mahaifa. Muna tsakar gida muna jin shiru, can sai dariya ta ɓarke. Ta bar wa babbar lambar wayarta, ta ce ko tsakar dare ne. Namijin, mai shekara 13, ni aka miƙa wa. Na ɗauke shi a babur da sunan rakiya kasuwa, don na lura magana ta fi fita in ba a kallon juna. Sai da muka wuce shatale-tale biyu ina kame-kame, kafin ya ce daga bayana, "Kawu, in maganar mafarki ce, tun bara na fara."